KIWON KIFIN TEKU DA NA RUWAN ZARTSI: SHAWARAR WA ZA A BI?

Duk wanda ya taɓa shiga zauren wani babban otal, ko ɗakin jira na banki ko na asibiti a manyan birane, da wuya a ce bai ga akwatin nan na gilashi da akan cika da ruwa a zuba kifaye masu launi iri-iri ba. Turawa suna kiran wannan akwati akwariyum, kiwon da ake yi a cikinsa kuwa na kallo ne da nishaɗi da kuma nazari. Mafi yawan kifayen da ake gani a irin waɗannan wurare na ruwan daɗi ne, watau na kogi da tafki. Amma akwai masu sha'awar da suka zarce nan, suka ɗauko kifin teku da na bakin teku suka kawo cikin ɗakunansu.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 ne ke kiwon kifin teku a gidajensu, kuma ana cinikin kifi miliyan 20 zuwa miliyan 24 a kowace shekara, daga iri 1,471. Galibinsu daga cikin teku ake kamo su, musamman a ƙasashen Indonesiya da Filifin. Ran kowane ɗaya daga cikinsu ya rataya ne a kan abin da mai shi ya ji daga bakin mai kanti, ko ya karanta a littafi, ko ya tsinta a intanet. To, abin tambaya shi ne, yaya mutum zai rarrabe shawarar da ke da tushe da wadda aka gada kawai daga baki zuwa baki?

GISHIRI DA JIKIN KIFI

Kafin a iya auna kowace shawara, tilas ne a san abin da gishiri ke yi wa jikin kifi. A cikin kowane kilo ɗaya na ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Ruwan kogi kuwa bai kai rabin giram ba. Abin da ke tsakanin rabin giram da giram 30 shi ake kira ruwan zartsi, kuma ana samunsa ne a inda kogi ke shiga teku. Hausawa sun san ruwan zartsi a wasu rijiyoyi, amma na rijiya sau da yawa kanwa ce da sauran ma'adinan ƙasa suke ba shi ɗanɗanonsa, na bakin teku kuwa ruwan teku ne da kogi ya sirka.

Gishirin da ke cikin jinin kifi mai ƙashi, na teku ne ko na kogi, kusan sulusin na ruwan teku ne. Ɗabi'ar ruwa kuwa ita ce ya riƙa ratsawa daga inda gishiri ya yi kaɗan zuwa inda ya fi yawa. Saboda haka kifin kogi kullum ruwa na kutsawa cikin jikinsa, shi ya sa ba ya bukatar sha, sai dai ya yi ta zubar da fitsari mai yawa. Kifin teku kuma kullum ruwan jikinsa na tserewa, yana cikin haɗarin ƙishirwa alhali yana tsakiyar ruwa. A shekarar 1930 wani masani Ba'amurke, Homer Smith, ya nuna cewa kifin teku shan ruwan gishirin yake yi. Bayan shekara biyu Ancel Keys da E. N. Willmer suka bayyana wasu ƙwayoyin halitta a jajayen gaɓoɓin numfashi da ke gefen kan kifi, waɗanda ke fitar da gishirin da ya yi yawa.

Wannan aiki na daidaita ruwa da gishiri yana cin ƙarfin kifi dare da rana. Idan aka sa kifin teku sosai a ruwan daɗi, mutuwarsa ba ta ɗaukar lokaci, kowa kuma zai gane dalili. Inda matsalar take shi ne kifin da ke da juriya. Shi zai iya yin watanni, har ma shekara, a ruwan da bai dace da shi ba, yana ci yana iyo, a hankali yana ramewa, cututtuka suna samun ƙofa. Ran da ya mutu, mai shi ya riga ya manta da abin da aka gaya masa ranar saye, sai ya ɗora wa kansa laifi ko ya ce ƙarar kwana ce. Ta haka ne gurguwar shawara ke daɗewa a duniya, domin illarta ba ta fitowa a lokacin da za a iya danganta ta da ita.

SHAWARAR DA TA YI SHEKARA ƊARI

Tarihin wannan kiwo kansa ya ishi mutum darasi. A shekarar 1846 wata mata Baturiyar Ingila, Anna Thynne, ta ɗauko wasu ƙananan halittun murjani daga bakin teku a garin Torquay ta kai su gidanta a London. Da kawo sabon ruwan teku ya yi mata wuya, sai ta sa ake sheƙa tsohon ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban taga buɗe, na tsawon rabin sa'a ko fiye a kowace rana, don iska ta shige shi. Da wannan dabara ta raya su kusan shekara uku.

A shekarar 1850 kuma wani masanin haɗa magunguna, Robert Warington, ya gabatar da wata takarda a London inda ya bayyana yadda ya ajiye kifi da ciyawar ruwa da dodon koɗi a mazubi ɗaya. Ra'ayinsa shi ne ciyawa tana ba kifi iskar oksijin, kifi yana ba ciyawa iskar da yake fitarwa, dodon koɗi yana share ƙazanta, don haka ba sai an canja ruwa ba. Philip Henry Gosse, wanda ya taimaka wajen cika gidan kifi na farko da aka buɗe wa jama'a a gidan namun daji na London a 1853, ya yaɗa wannan ra'ayi a littafin da ya wallafa a 1854. Nan da nan kiwon kifi ya zama abin yayi a Ingila, kuma littafi bayan littafi ya yi ta kwafar maganar.

Sai a shekarar 1949 James Atz, na gidan kifin birnin New York, ya rubuta wata maƙala da ta warware zancen a fili. Mafi yawan iskar da kifi ke shaƙa ta saman ruwa take shiga, inda ruwa ya haɗu da sarari. Ciyawa kuwa da rana kaɗai take ba da oksijin, da dare ita ma shaƙarsa take yi. Ashe dabarar Anna Thynne ta motsa ruwa ita ce ta fi kusa da gaskiya. Waɗanda suka riƙe wancan ra'ayi na tsawon shekara ɗari ba maƙaryata ba ne, masana ne na zamaninsu. Abin da ya faru shi ne kowa ya ga maganar a rubuce, ya ɗauka wani ya riga ya gwada ta.

INDA RUƊANI YA FI YAWA

A yau babu inda shawara ta fi saɓa wa juna kamar wajen kifin ruwan zartsi. Dalili kuwa shi ne ruwan zartsi ba abu ɗaya ba ne tsayayye. Gishirinsa yana hawa yana sauka bisa ga cikowar teku da janyewarta, da kuma damina da rani. Lagun ɗin Legas misali ne na kusa: da damina ruwansa yakan koma kusan na daɗi saboda kogunan da ke kwarara cikinsa, da rani kuma gishiri ya hau, musamman a kusa da tashar jiragen ruwa. Daɗin daɗawa, kifaye da yawa na irin wannan wuri suna sauya mazauni bisa ga shekarunsu. Ƙanana sukan hau cikin kogi inda maƙiya suka yi ƙaranci, idan sun girma su gangara bakin teku.

Masu kama kifin sayarwa ƙananan suke kamawa, domin sun fi sauƙin ɗauka a jirgin sama kuma sun fi ban sha'awa. Mai kanti ya karɓe su a ruwan daɗi, ya ajiye su mako biyu ko uku lafiya lau, ya gaya wa mai saye cewa kifin ruwan daɗi ne. Bisa ga abin da idonsa ya gani bai yi ƙarya ba, sai dai bai taɓa riƙe kifin har ya girma ba. Haka ake yi da Scatophagus argus, kifi mai ɗigo-ɗigo na gaɓar tekun Indiya da Asiya, wanda ake sayarwa yana kamar kwabo alhali yana iya kai santimita 30. Haka ake yi da Monodactylus argenteus mai ƙyallin azurfa, da kuma wani ɗan uwan tarwaɗa na gaɓar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, Ariopsis seemanni, wanda ke wuce santimita 30 kuma yana da ƙaya mai dafi. Dukkansu idan sun girma ruwa mai gishiri sosai suke bukata, da akwati babba.

Afirka ta Yamma ma tana da nata. A dazuzzukan itatuwan bakin teku na yankin Neja Delta, waɗanda babu kamarsu girma a Afirka, akwai Monodactylus sebae, da kuma kifin taɓon nan Periophthalmus barbarus, mai idanu a bisa ka, wanda ke fitowa daga ruwa ya yi ta tsalle a kan laka. Wanda ya saye shi ya cika masa akwati da ruwa fal ba tare da tudun da zai hau ba, ya hana shi rabin rayuwarsa.

Kuskuren yakan zo ta ɗaya gefen kuma. Akwai wani ɗan kifi na ƙasar Indiya, Parambassis ranga, wanda jikinsa ke garau kamar gilashi har ana hango ƙashinsa. An daɗe littattafai suna cewa sai da gishiri yake rayuwa, alhali mafi yawan inda ake samunsa koguna ne da tafkuna na ruwan daɗi.

DARASI DAGA TALIBAMBAM

Masunta a kogin Kwara da Binuwai da tafkin Cadi sun san talibambam, kifin nan da ke kumbura kamar ƙwallo idan ya ji tsoro. Masana suna kiransa Tetraodon lineatus, ana kuma samunsa a kogin Nil da Volta da Sanagal. Yana kai santimita 40, masu kiwo a Turai da Amurka suna nemansa ƙwarai. Kifin ruwan daɗi ne tun daga ƙyanƙyasa har mutuwa, ba ya bukatar gishiri.

Amma danginsa suna da yawa, kuma galibinsu a teku suke. Akwai wani ɗan uwansa na kudu maso gabashin Asiya, kore mai baƙaƙen ɗigo, Dichotomyctere nigroviridis, wanda ake sayarwa yana ɗan ƙarami a ruwan daɗi, alhali waɗanda suka daɗe suna kiwonsa sun ga cewa babbansa ya fi lafiya a ruwan zartsi mai ƙarfi. Saboda haka wanda ya ce duk dangin talibambam sai da gishiri ya yi kuskure, wanda ya ce duk na ruwan daɗi ne shi ma ya yi kuskure. Sunan kasuwa ba ya wadatarwa, domin suna ɗaya yakan hau kan kifi uku ko huɗu masu bukatu daban-daban. Sunan kimiyya, wanda ake rubutawa da Latin, shi ne ke nuna takamaiman kifin da ake magana a kansa.

Abu ɗaya da ya haɗa dangin duka shi ne haƙoransu, waɗanda suka haɗe kamar bakin aku kuma ba sa daina tsawo. Idan ba a ba su abinci mai tauri irin su dodon koɗi da ƙaguwa da jatan lande da ɓawonsa ba, haƙoran sukan yi tsawo har kifin ya kasa cin abinci.

MA'AIKATAN DA IDO BA YA GANI

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, yawanci ta gaɓoɓin numfashinsa. A cikin teku wannan ba kome ba ne saboda yawan ruwa, amma a cikin akwati taruwa yake yi. Abin da ke ceton kifi shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a jikin duwatsu da yashi da matatar ruwa. Wani rukuni yana mai da amoniya naitirait, wani kuma ya mai da naitirait naitiret, wanda gubarsa ta yi sauƙi ƙwarai, shi kuma ana rage shi ta hanyar canja wani kashi na ruwan lokaci-lokaci.

Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin. Wanda ya sayi akwati da kifi rana ɗaya ya zuba, to, ya sa kifinsa cikin guba ke nan. Haɗarin ya fi tsanani a ruwan teku, domin awonsa na tsami da kanwa, wanda ake kira pH, yana wajen 8, kuma a nan kashin amoniya mai guba ya ninka na ruwa mai awo 7 kusan sau goma.

Ko a nan ma ilmi ya sauya. Shekaru da yawa littattafai suna cewa wata ƙwayar bakteriya mai suna Nitrobacter ce ke sarrafa naitirait a akwatin kifi, har ana sayar da ita a kwalba. A shekarar 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka bincika akwatunan ruwan daɗi ta hanyar nazarin ƙwayoyin gado, suka tarar cewa wata daban ce mai suna Nitrospira ke yin aikin. An ɗauko sunan farko ne daga binciken ƙasar noma, aka ɗora wa akwatin kifi ba tare da an duba ba.

CUTAR FARAREN ƊIGO

Babu abin da ya fi nuna yadda ido ke yaudarar mai kiwo kamar cutar fararen ɗigo ta kifin teku. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Cryptocaryon irritans ke kawo ta. Tana shiga ƙarƙashin fatar kifi ta yi kwana uku zuwa bakwai tana ci, a lokacin ne ake ganin ɗigo fari kamar an barbaɗa gishiri. Sa'an nan ta saki kifin ta faɗa ƙasan akwati, ta rufe kanta da kwanso, ta yi ta rarrabuwa. Bayan kwanaki ko makonni sai 'ya'yanta ɗaruruwa su fito neman kifi. An taɓa ganin wadda ta yi kwana 72 a cikin kwanson kafin ta fashe.

Ma'anar wannan ita ce ɗigon zai ɓace da kansa cikin mako guda, ko an yi magani ko ba a yi ba. Wanda ya ba kifinsa tafarnuwa ranar Litinin, ya ga fata ta washe ranar Juma'a, zai rantse cewa tafarnuwa magani ce, zai kuma gaya wa wasu da zuciya ɗaya. Idan cutar ta dawo bayan wata guda, sai ya ce sabuwa ce. Haka kuma ana yawan cewa a sayi ɗan kifin nan mai share jikin 'yan uwansa, Labroides dimidiatus, wai zai cinye cutar. Binciken da Alexandra Grutter ta yi a tekun Ostareliya ya nuna cewa abin da ya fi ci wasu ƙananan ƙwari ne da ke manne a bayan fata. Ita wannan cuta kuwa a ƙarƙashin fata take, inda bakinsa ba ya kaiwa. Shi kansa kifin yana da wuyar riƙewa a akwati.

Magungunan da aka tabbatar da aikinsu sun haɗa da sinadarin jan ƙarfe a bisa awo, da kuma rage gishirin ruwa sosai na tsawon makonni. Amma jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, don haka a wani akwati daban ake yin maganin. Abin da ya fi duka shi ne a keɓe kowane sabon kifi na tsawon wata guda ko fiye kafin a haɗa shi da sauran. Rigakafi ya fi magani.

ƘA'IDOJIN BAKA

Akwai waɗansu maganganu da suka zama kamar doka saboda sauƙin haddace su. Ɗaya ita ce wai kowane inci ɗaya na kifi galan ɗaya na ruwa yake bukata. Ɗalibin lissafi zai ga inda ta karye. Idan tsawon kifi ya ninka sau biyu, nauyinsa sau takwas yake ninkawa, ƙazantarsa kuma ta ƙaru ƙwarai. Kifi ɗaya mai inci goma ya fi ƙananan kifi goma masu inci ɗai-ɗai nauyi kusan sau ɗari.

Wata kuma ita ce wai kifi ba ya wuce girman akwatinsa. Gaskiya ne yakan tsumbure a ƙaramin wuri mai gurɓataccen ruwa, amma tsumburewa alamar wahala ce, kamar yadda take ga yaro ko ɗan akuya.

Ta uku ita ce a yi amfani da gishirin miya. Gishirin miya kusan zallar sinadari ɗaya ne, wanda shi ne kimanin kashi 85 cikin ɗari na gishirin teku. Ragowar ta ƙunshi magniziyam da kalsiyam da fotashiyam da wasu sinadarai masu hana ruwa yin tsami, kuma halittun teku ba sa rayuwa sai da su. Shi ya sa ake haɗa gishiri na musamman don wannan kiwo. Har ila yau, idan ruwan akwati ya ragu saboda zafi, ruwa ne kaɗai ya tashi, gishirin yana nan. Da ruwan daɗi mai tsabta ake cikawa. Wanda ya riƙa cikawa da ruwan gishiri zai wayi gari gishirin akwatinsa ya wuce na teku.

DAGA INA KIFIN YA FITO?

Wani lokaci mai kiwo yakan yi kome daidai, kifin ya mutu duk da haka, saboda abin da aka yi masa tun kafin ya iso. Tun cikin shekarun 1960 wasu masu kamun kifi a Filifin suka fara fesa gubar sayanaid a cikin ramukan murjani don kifi ya suma a ɗauke shi da sauƙi, daga baya al'adar ta yaɗu zuwa Indonesiya. Dokokin ƙasashen biyu sun haramta wannan. Gubar tana kashe murjanin, kifin da ya farfaɗo kuma yana iya mutuwa bayan kwanaki.

Akwai kuma batun ƙarewar iri. Pterapogon kauderni, ɗan kifi mai zane baƙi da fari wanda namijinsa ke renon ƙwai a cikin baki, asalinsa tsibiran Banggai ne kaɗai na Indonesiya. Ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, zuwa 2007 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa shi cikin jerin masu fuskantar haɗarin ƙarewa. Sakin kifi a ruwan da ba nasa ba shi ma masifa ne. Kifin nan mai ƙayoyi masu dafi na jinsin Pterois, wanda asalinsa tekun Indiya da Fasifik ne, an fara ganinsa a gaɓar Florida a 1985, masana kuma sun fi zaton masu kiwo ne suka sake shi. Ya bazu a tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifaye.

Sai dai ko zancen masu kishin muhalli ma yana bukatar awo. Bayan fitowar fim ɗin yara mai suna Finding Nemo a 2003, jaridu da yawa sun ba da labarin cewa jama'a sun yi rububin sayen kifin da ke cikinsa har ana neman ƙarar da shi daga teku. A 2017 wasu masana biyu, Thane Militz da Simon Foale, suka duba alƙaluman ciniki, ba su sami hujja mai ƙarfi a kan haka ba. Wannan kifi ma yana cikin waɗanda aka iya hayayyafarwa a gonakin kifi tun farkon shekarun 1970. An kuma sami nasarar hayayyafar da Zebrasoma flavescens mai ruwan ɗorawa a Hawaii a 2015, da shuɗin nan Paracanthurus hepatus a Jami'ar Florida a 2016. Kifin da aka ƙyanƙyashe a gona ya saba da abincin hannu, sayensa kuma ba ya rage na teku.

YADDA AKE AUNA SHAWARA

Daga abubuwan da suka gabata mai karatu zai iya fitar da ma'auni. Da farko ya nemi sunan kimiyya na kifin kafin ya biya kuɗi. Da wannan suna zai iya duba ma'ajiyar bayanai irin FishBase, wadda Daniel Pauly da Rainer Froese suka assasa, mai ɗauke da bayanin kifi fiye da iri 30,000, ya ga iyakar girmansa da irin ruwan da babbansa ke zama a ciki.

Na biyu, ya tambayi mai ba shi shawara tsawon lokacin da kifin ya yi a hannunsa. Da yawa daga cikin waɗannan kifaye suna iya wuce shekara goma idan sun sami kulawa. Wanda ya riƙe kifi wata shida bai san ƙarshen labarin ba tukuna, wanda ya riƙe shi shekara takwas kuwa maganarsa abin saurare ce.

Na uku, ya lura da ko mai maganar yana da riba a cikinta. Masu kanti da yawa mutanen kirki ne masu sanin aikinsu, amma wanda abincinsa ya dogara ga sayarwa yana da wuya ya ce wa mai saye ya koma gida ya jira mako shida.

Na huɗu, ya duba shekarar da aka rubuta littafi, ya kuma tuna cewa ganin magana ɗaya a wuri goma a intanet ba shaida goma ba ce, domin sau da yawa tara daga ɗaya suka kwafa.

Na biyar, ya mallaki kayan awo ya riƙa rubuta abin da ya gani. Akwai ma'aunin nauyin ruwa da ke nuna yawan gishiri: ruwan daɗi yana nuna 1.000, na teku wajen 1.025, masu kiwon kifin zartsi kuma sukan tsaya tsakanin 1.005 da 1.015 gwargwadon irin kifin. Akwai kuma 'yan kwalabe na gwada amoniya da naitirait. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali cike yake da guba.

GA MAI SHA'AWA A ƘASA MAI ZAFI

Yawancin littattafan wannan fanni an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi, shi ya sa suke cika da bayanin na'urar ɗumama ruwa. Wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri matsalarsa ta sha bamban. Kifin murjani yana son zafi na digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Santigired, alhali a watan Afrilu zafin waɗannan garuruwa yakan wuce digiri 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, ruwan gishiri kuma ya fi na daɗi ƙarancin oksijin tun asali. Idan wutar lantarki ta ɗauke, famfo ya tsaya, kifaye suna iya shaƙewa cikin 'yan sa'o'i. Littafin da aka rubuta a Jamus ba zai yi wannan gargaɗi ba, domin marubucinsa bai taɓa fuskantar abin ba.

Saboda haka ya kamata ma'aikacin da ke son ƙawata ofishinsa, da ɗalibin da ke son nazarin halittu, su fara da kifin ruwan daɗi mai juriya, su koyi awon ruwa da canja shi na tsawon shekara guda ko biyu, su kuma tanadi hanyar ba ruwa iska idan babu wuta. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ga yanayinsa ba zai ɗauki kifin teku ba, babu laifi ya haƙura ya bar shi a inda Allah ya halicce shi, domin dabbar da mutum ya tsare a gidansa amana ce a wuyansa, kuma kifi ba shi da bakin da zai faɗi abin da ke damunsa.